Mai karanta labarai da mutanen garinsu suka daina yarda da ita

Asali da shiga aiki, kafin 2015

Matar da wannan nazari ya shafa 'yar wani ƙauye ce a bakin kogin Haɗeja, a yankin Auyo da Kafin Hausa. Ba za a faɗi sunanta ba, haka nan sunan ƙauyen da na gidan talabijin ɗin da take aiki a Kano. Mahaifinta manomin shinkafa ne, idan ruwa ya ja kuma ya taɓa kamun kifi. Tana goye aka yanke Jigawa daga Kano a ranar 27 ga Agusta 1991.

Gidansu gidan rediyo ne, kamar yawancin gidajen yankin. Da asuba BBC, da rana Kaduna, da dare Muryar Amurka ko Jamus, duk wadda ta fi kamawa. Akwatin talabijin kuwa sai da ta shiga makarantar kwana ta 'yan mata ta fara zama a gabansa. Bayan sakandare gwaggonta da ke aure a Kano ta ɗauke ta, ta yi difloma a aikin jarida. Mahaifin bai so ba da farko. Abin da ya sa ya sassauta shi ne an ce masa labarai za ta riƙa karantawa, ba wasan kwaikwayo ba, shi kuwa tun yana saurayi yake ganin girman masu labarai.

Ta gama karatu a lokacin da kasuwar ta buɗe. Shekaru da yawa talabijin a Kano na gwamnati ne kaɗai: NTA ta tarayya da aka kafa a 1977, da CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe a farkon shekarun 1980, wadda yanzu ake kira ARTV. Dokar 1992 da ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ce ta ba 'yan kasuwa damar mallakar tasha. Freedom Radio ta fara a 2003, Arewa24 ta zo a 2014, kowa ya shiga neman mai murya da Hausa tsaf. Ta shiga wata tasha a matsayin mai neman sanin makamar aiki, ba albashi. Wata rana a 2015 mai karanta labaran dare ba ta samu zuwa ba, aka ɗora ta. Ba a sauke ta daga wannan kujera ba sai bayan shekara bakwai.

Teburin labarai, 2015 zuwa 2020

Sai an san yadda ake haɗa labaran dare na minti 30 a irin wannan tasha kafin a gane abin da ya same ta. Da hantsi wakilai kan watsu: fadar gwamnati, majalisa, hedikwatar 'yan sanda, da duk inda aka gayyaci 'yan jarida. Da la'asar su dawo da hotuna da takardar sanarwa, galibi da Turanci, wadda jami'in hulɗa da jama'a na ma'aikatar ya rubuta, wani lokacin ma tun kafin a yi taron. Edita ya rage, a miƙa wa masu fassara, a loda a allon da rubutu ke gudana a jikin kyamara. Ita takan iso ƙarfe biyar, ta bi rubutun sau ɗaya ko biyu don kada harshenta ya sarƙe, a gyara mata ɗauri da fitila, ta zauna.

Kaso mai kauri na waɗannan labarai biya ake yi. Mai bikin naɗin sarauta, ko ƙungiyar da za ta raba keken ɗinki, ko shugaban ƙaramar hukumar da zai buɗe rijiyar burtsatse, yakan biya sashen talla kafin a tura masa kyamara, sannan ya sallami wakili da abin da ake kira kuɗin mota. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana karɓar irin wannan, kuma kowa a ɗakin labarai ya san da su, amma tashar da ke sayen man janareta kullum ba ta cika tambayar wakilinta da me ya je ya dawo ba. Saboda haka ƙauye ba ya shiga labarai sai da ɗayan biyu: ko babban mutum ya kai ziyara, ko an yi rashi mai yawa.

Albashinta bai ɗara mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 da wani abin kirki ba. Fuskarta ce ke riƙe ta. Teloli na ba ta ɗinki kyauta don a gan shi a jikinta, ana ɗaukar ta gabatar da taro da walima a ƙarshen mako, a banki ba ta bin layi. A ƙauyensu kuma, inda wutar lantarki kan yi makonni ba ta leƙo ba, akwati ɗaya ne mai satalayit, a shagon mai cajin waya, kuma ƙwallo aka fi kunnawa. Duk da haka idan lokacin labarai ya yi akan sauya tasha na 'yan mintuna don a ga 'yar gari. Samari su ɗauki fuskar akwatin da waya, su tura wa juna ta manhajar Xender, ya shiga cikin gidaje har wurin matan da ba sa fita.

A waɗannan shekaru biyar ba ta karanta labari ko ɗaya da ta je da ƙafarta ta gano ba. Babu wanda ya nemi haka daga gare ta.

Satumba 2020: inda matsalar ta fito fili

Ruwan kogin Haɗeja daga Kano yake tasowa. Kogin Kano da ke bin madatsar Tiga da kogin Challawa da ke bin tasa madatsar suna haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya bi ta yankin Ringim, ya gangara Miga da Auyo da Haɗeja, ya bazu a fadamun Kirikasamma da Guri har Nguru. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, yashi ya cike hanyoyin ruwa da yawa, ciyawar kacala ta toshe wasu. Idan damina ta yi nauyi, jinga ɗaya ta ɓalle, gonakin shinkafa da gidajen ƙasa ne ke sha. Daminar 2020 ta yi nauyi, ƙauyensu na cikin waɗanda ruwa ya ci, mutane suka koma makarantar firamare da ke kan tudu.

A wani dare cikin Satumba ta karanta cewa wata hukuma ta raba shinkafa da masara da tabarmi da gidan sauro ga waɗanda ambaliya ta shafa, ta jero sunayen garuruwa, na huɗu nasu ne. Ta karanta shi da fara'a. Wayar mahaifinta a kashe take tun kwana uku, sai ta ɗauka labarin albishir ne.

Gaskiyar abin da ya faru ita ce an yi bikin ƙaddamar da rabo a hedikwatar ƙaramar hukuma, an miƙa wa mutum kamar goma buhu-buhu a gaban kyamara, sauran kayan aka kulle a sito. Sunayen da ke cikin takardar na garuruwan da ake niyyar kai wa ne. Wakilin tashar ya ga bikin, bai ga rabon ba, kuma babu wanda ya ɗaga waya ya tambayi ko mutum ɗaya a garuruwan.

Washegari bidiyon ya zaga makarantar firamaren. Mutane ba su ce ƙarya aka yi ba. Cewa suka yi tunda 'yarsu ce ta faɗa, to an kawo kayan, dagaci ne ya danne. Samari suka taru a ƙofar gidansa, sai da liman da wasu dattawa suka shiga tsakani. Kayan sun iso bayan kusan mako uku, ba su kai rabin abin da aka ambata ba, daga nan zargin ya tashi daga kan dagaci ya koma kanta.

Ta je gida cikin Oktoba, mota ta ajiye ta a inda kwalta ta ƙare, kwale-kwale ya ƙarasa da ita. Matan da kan cika ɗakin mahaifiyarta idan ta zo ba su leƙo ba sai biyu. Bayan sallar isha'i mahaifinta ya kira ta zaure.

"Ke 'yar nan, da idonki kika ga an raba?"

"A'a, Baba. Rubutowa aka yi aka ba ni."

"To ki riƙa cewa rubutowa aka yi."

Bai ƙara komai ba. Da safe ta je gaida dagaci, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce ranka ya daɗe, ya amsa gaisuwar a taƙaice ya ci gaba da magana da wanda ke gefensa.

Ƙarshen 2020 zuwa tsakiyar 2022: abubuwan da aka gwada

Abu na farko da ta nema shi ne a yi gyara a cikin labaran dare, a daidai inda aka yi kuskuren. Ƙa'idojin Ilorin ɗin nan sun ce idan an fitar da labarin da ba daidai ba a gaggauta gyara shi. Babban edita ya saurare ta, ya ce tashar ba ta ƙirƙiri komai ba, abin da hukuma ta aiko aka karanta, kuma hukumar na cikin masu ba su talla. Aka tsaya a kan za a yi wani rahoto na bibiya. An yi shi, ya nuna mutane na karɓar buhuna, bai ambaci labarin farko ba. A ƙauyen babu wanda ya ɗauke shi a matsayin gyara.

Sai ta rubuta neman afuwa a shafinta na Facebook cikin Disamba 2020. Ofis ya ba ta takardar tuhuma saboda ta yi magana a kan aikin tasha ba da izini ba. 'Yan birni suka yi ta yaba mata, mabiyanta suka ƙaru, rabin sharhin kuma a kan ɗaurin kallabinta ne da masu tambayar ko tana da aure. Waɗanda aka yi rubutun dominsu ba su gani ba: yawancin dattawa da matan garin ba sa karanta boko, kuma ba sa sayen data don su leƙa shafin kowa.

A 2021 ta shawo kan tashar aka ba ta shirin karkara sau ɗaya a wata. Wannan ne gwajin da ya fi cin kuɗi, kuma shi ne wanda kowa ya zaci zai yi. Daga Kano zuwa Haɗeja kimanin kilomita 200 ne. Ana buƙatar mota da direba da mai, da mai ɗaukar hoto, da alawus na kowa. A tashi bayan asuba, a isa wajen azahar, a fara da gaida hakimi, shi ya haɗa su da wanda zai raka su wurin dagaci ko bulama. Kafin a kafa kyamara an riga an shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, an zaɓo mutum uku da za su yi magana, kowannensu ya fara da godiya ga gwamnati ya rufe da kira ga gwamnati. Mata ba sa fitowa gaban namiji mai kyamara, shi kuma ba ya shiga cikin gida. Da la'asar direba ya fara duba agogo saboda hanya. Abin da ake dawowa da shi hoto ne mai kyau na fadama da garken shanu, da maganganun da za a iya ɗauka a kowane ƙauye a kowace shekara. An yi fitowa huɗu, ba a samu mai ɗaukar nauyi ba, aka dakatar.

A tsakanin nan ta rubuta wa hukumar takarda ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, tana neman jerin abin da aka saya da inda aka kai. Dokar ta ba da kwana 7 a amsa. A lokacin ana ta gardama a kotuna kan ko dokar ta hau kan jihohi, takardar tata ba ta samu amsa ba.

Na ƙarshe shi ne ya fi yi mata illa. A farkon 2022, ana shirin zaɓen fid da gwani, wani ɗan siyasa daga yankin ya ce zai ɗauki nauyin shirin karkarar, mota da mai da komai, kuma ba zai sa baki a abin da za a faɗa ba. Bai sa bakin ba. Amma motar da ke kai ta ƙauyuka tasa ce, yaransa ne ke tara mutane, garuruwan da ake zuwa kuma su ne inda ya gina masallaci ko ya gyara famfo. A Kano da Jigawa kowa ya san sojojin baka, masu sayen fili a rediyo su yabi ubangidansu su zagi abokin hamayyarsa. Kafin fitowa ta uku an fara sa ta a layinsu. Ta janye cikin Mayu. Tashar ta yi asarar mai biya a daidai lokacin da kuɗin siyasa ke shigowa, cikin Yuni aka mayar da ita labaran safe, wata yarinya da ta koya wa aiki ta hau kujerar dare.

Daminar 2022: abin da ya fara kamawa

Ba a zauna an tsara shi ba. Cikin Agusta ƙanenta ya fara aiko mata saƙon murya ta WhatsApp kowace safiya, yana faɗa mata inda ruwa ya kai a jikin jinga. Wata rana ta tambaye shi wa ke gaya musu ruwa na tafe. Ya ce wani masunci ne a wajen gadar Wudil ke kiran abokinsa na nan, domin abin da aka gani a Wudil sai ya yi kwanaki kafin ya iso ƙasar Haɗeja. Ta karɓi lambar masuncin.

Cikin mako biyu ta haɗa mutum 11 a garuruwa 7 da ke bin kogin: masunta biyu, malaman firamare, wata ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, wata ungozoma, direban motar haya mai bin hanyar Gujungu, da masu shagon caji. Babu mai sarauta a cikinsu, babu mai riƙe da muƙamin jam'iyya. Ta gindaya musu sharuɗɗa kaɗan. Duk wanda zai ɗauki bidiyo ya faɗi sunan wurin da ranar da bakinsa a cikin bidiyon, ya kuma nuna wani abu da aka san garin da shi, kamar hasumiyar masallaci ko allon makaranta. Ba ta sa labari sai mutum biyu da ba su haɗa gida ko sana'a ba sun faɗe shi. Kuma kafin ta shiga sutudiyo sai ta kira jami'in da abin ya shafa. Idan bai ɗaga ba ta ce an kira bai ɗaga ba.

Editan safe, wanda kullum yake neman abin da zai cike gurbi, ya ba ta minti uku. Ita ke rubuta abinta da Hausa kai-tsaye, kuma da ma'aunin da manomi ke amfani da shi: ruwa ya kai gwiwa a kasuwar gari kaza, ya kai ƙugu a hanyar gari kaza, buhun ƙasa nawa aka jera a jinga jiya, kwanon gero nawa yake yau. A kowane labari takan rarrabe abu uku a fili, wanda ta gani, wanda aka faɗa mata da wanda ya faɗa, da wanda hukuma ta rubuto. Da zarar an sauka daga shiri sai ta yanke mintuna ukun ta matse su su zama ƙaramin fayil, ta fitar da na murya zalla, ta tura wa masu shagon caji. Duk wanda ya zo karɓar wayarsa sai a zuba masa. Ta haka rahoton ke komawa garuruwan da ya fito kafin azahar.

Ambaliyar 2022 ta fi ta 2020 muni. A faɗin ƙasa ta kashe sama da mutum 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Bidiyoyi suka yi ta yawo, wasu na shekarun baya, wasu ma ba na Najeriya ba. Ta ƙi sa wani da aka ce gadar wani gari ce ta karye, domin malamin firamaren garin ya ce da safen nan ya bi ta kanta a kan babur. Wasu tashoshi sun sa shi.

Cikin Satumba ta ɗauki hutun kwana uku ta tafi ita kaɗai a motar haya, daga ita sai waya da ƙaramin makirufo mai maƙalawa a mayafi. A wata makarantar firamare an ware wa mata da yara azuzuwa uku. Ta cire takalmi ta zauna a ƙasa. Wata tsohuwa ta nuna wayar ta ce, "'Yata, kashe wannan abin tukuna." Ta kashe. Sai da aka yi kusan awa ɗaya ana hira kafin maganar ta fito: masai biyu ne ga kowa da kowa, mata ba sa iya zagawa sai dare ya yi, yara sun fara amai da gudawa, wata ta haihu a bayan allo daren jiya ba ko reza sabuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka taɓa faɗa a gindin bishiya. Ta ce, "Iya, in na ɗauki muryarku ban nuna fuska ba, kun yarda?" Suka yarda. Rahoton ya fita da muryoyinsu a kan hoton hannaye da tukwane da layin jarkoki. Cikin makon aka turo ma'aikatan lafiya makarantar. Ba ita kaɗai ta yi maganar sansanonin ba a lokacin, don haka ba za a jingina zuwan nasu ga rahotonta shi kaɗai ba.

Data da katin waya na mutum 11 daga aljihunta suke fita.

2023 da 2024: bayan ruwa ya janye

Da rani aka ga ko tsarin zai rayu ba ambaliya. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya ba shi aiki: mutanenta suka riƙa aiko da yadda ake cinikin hatsi a Gujungu da na dabbobi a Maigatari ranar Alhamis, farashin mai tsabar kuɗi daban, na mai turawa ta waya daban. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, tashar ta rage fita da mota ko a cikin gari. Minti ukun da ba sa cin lita ko ɗaya suka zama minti goma, sau uku a mako. Wani dillalin taki da irin shuka ya nemi ɗaukar nauyi, ta yarda bisa sharaɗin tallarsa ta zo kafin shiri da bayansa, da muryar wani, kuma idan manoma suka koka da taki za a sa.

An samu tangarɗa. Ɗaya daga cikin masu shagon caji ya fara aiko da koke-koken da duk suke sauka a kan kansila ɗaya. Sharaɗin mutum biyu ne ya tona shi, domin babu na biyun da ya taɓa tabbatar da maganarsa. Ta cire shi ba tare da hayaniya ba. Wani malamin firamare kuma, bayan rahoton rufin aji da ya rufta, an mayar da shi wata makaranta mai nisa. Ba a ce saboda rahoton ba ne. Tun daga nan ta daina sa muryar ma'aikacin gwamnati, sai dai ta karanta abin da ya faɗa bayan ta tabbatar ta wata hanya.

Daren Talata 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja. Mutane suka taru kwasar man da ke malala, wuta ta tashi. Direban da ke cikin mutanenta ya kira ta kafin asuba, bidiyoyin gawarwaki sun riga sun cika wayoyi, kowane shafi da adadinsa. A labaran safe ta faɗi adadin da 'yan sanda suka bayar, mutum 90 da wani abu, ta ce nasu ne kuma yana iya ƙaruwa. Ya ƙaru, ya haura 150 cikin kwanaki kaɗan. Ba ta nuna gawa ko ɗaya ba. Ta ba da mafi yawan lokacin ga abin da iyalai ke nema, wato cewa an kai masu ƙuna asibitocin Ringim da Haɗeja, da batun jana'izar da za a yi a ranar. Shafukan da suka sa hotunan sun riga ta da sa'o'i, sun kuma ninka ta masu kallo. Sashen talla ya yi mata magana a kan haka.

Inda ake a 2025

Ba ta koma kujerar dare ba, kuma ba ta nema ba. Tana riƙe da ƙaramin teburin karkara da matasa biyu, mutanen da ke aiko mata da labari sun kai 20 a Jigawa da gabashin Kano. Wata kafar Hausa ta ƙasar waje na karɓar rahotonta lokaci-lokaci, ana biyan ta a kan kowane, wannan ne ke cike abin da albashi bai kai ba. Ɗinkin kyauta ya tsaya, gayyatar gabatar da taro ta ragu ƙwarai. A garinsu mata sun dawo cika ɗaki idan ta zo, yawanci kowacce da abin da take so a faɗa. Dagaci yana amsa gaisuwarta, amma bai taɓa kiran wayarta ba, ko da ruwa ya taso.

Me ya sa wannan ya yi, waɗancan ba su yi ba

A ganina matsalar ba kuskuren dare ɗaya ba ce. Tsarin ɗakin labaran ya ɗora amanar da mutane suka ba fuskarta a kan takardar da babu wanda ya tantance, kuma da daɗewa ake haka. Abin da ya bambanta Satumba 2020 shi ne masu kallon sun san gaskiyar labarin fiye da mai karanta shi. Mai gabatar da labarai a birni zai iya yin shekara ashirin bai gamu da irin wannan rana ba.

Gyaran da ta nema da neman afuwar Facebook daidai ne a ƙa'ida, sai dai ba su bi hanyar da ɓarnar ta bi ba. Ɓarnar ta shagon caji ta shiga gari, daga waya zuwa waya, da murya. Shirin wata-wata ya kai kyamara ƙauye amma ya shiga ta ƙofar masu sarauta, ya zo da namiji, ya zo da gaggawa, saboda haka ya ji abin da ake faɗa wa baƙo. Kuɗin ɗan siyasa kuwa, ko bai ce uffan ba, motarsa ta riga ta yi magana.

Abin da ya yi aiki ya yi ne saboda dalilai da ake iya gani. Masu ba da labarin suna zaune a wurin, ba ziyara suke kaiwa ba. Sharaɗin mutum biyu ya kama ƙarya sau biyu a kan idon kowa, batun gada da batun kansila. Rahoton yana komawa ga waɗanda aka yi shi a kansu a ranar, don haka kuskure ba ya kwana ba a kira ta ba. Kasancewarta mace 'yar yankin ya buɗe mata azuzuwan da abokan aikinta maza ba za su shiga ba. Sannan ba shi da tsada ga tashar, wanda shi ne ainihin abin da ya sa aka bar shi ya rayu. Da yana cin mai da an rufe shi a 2023 komai ingancinsa. Mayar da ita labaran safe, wanda aka yi da nufin horo, shi ya ba ta edita mai gurbi da kuma lokacin buga waya.

Raunin tsarin yana wurin mutanen da ke ɗauke da shi. Ba ma'aikatan tashar ba ne, ba su da katin shaida, ba sa cikin ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi, ko bayan gyaran da aka yi masa a 2024 bai daina tsorata mai tura bidiyo daga ƙauye ba. Ta rubuta wa shugabannin tashar tana neman a riƙa ba su ɗan alawus na wata, a kuma yi alkawarin lauya idan aka kama wani saboda abin da ya aiko. An amince da kuɗin data na mutum goma. Maganar lauya an ce a bari sai kasafin shekara mai zuwa.